Shekaru Bakwai da Aka Jefar daga Awon Rijiyar Kwaleji

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya koyarwa? Mu nan ƙalau muke, sai ƙafar Innarki da kika sani.

Takardar binciken da kuka wallafa ke da shugaban sashenku a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ta iso. Turancina na sakandare ne, amma ya ishe ni in gane inda aka taɓa ni. A shafi na shida kun ce kun jefar da awon shekara bakwai na rijiyar kwalejin, wai ma'aikacin da ya yi shi ba shi da horo, hannunsa ba abin dogaro ba ne. Uwata, ma'aikacin nan ni ne, kin kuwa sani. Kuma sunanki na nan a saman takardar.

Shekara goma sha tara ina zura igiya a rijiyar nan da ƙarfe bakwai na safe, kafin in buɗe ɗakin gwaji in wanke kwalabe. Ranar da aka haife ki ma sai da na auna na tafi asibiti, Innarki har yau ba ta yafe mini ba. Ɗalibai suka sa mini Mai Igiya, ban ji haushi ba. Da igiyar nan na koyi ruwa, har na ajiye aikin na kafa kamfanina na haƙar rijiya, yau mutum arba'in ke ci a ƙarƙashina.

Ga abin da dakta biyu ba su gano ba. Shekarar da akuyar mai gadi ta faɗa ciki, an ƙara wa bakin rijiyar layi biyu na bulo. Daga bakin nake awo, dole lissafi ya yi tsalle. Bayan shekara bakwai aka rushe ƙarin za a sa famfo, ya koma yadda yake. Duk na rubuta wannan da jan biro a gefen shafi. Ku kuwa kuka ba ɗalibai littattafaina suka kai na'urar kwafi, na'ura ta yanke gefen, kuka zauna a ofis kuna nazarin rabin shafi. Ina da rai, gidana tafiyar awa ɗaya ce, ba wanda ya tambaye ni.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta aiko za ta ba ni allon girmamawa a taronta. Ki gaya musu su riƙe katakonsu.

Ki gaishe mini da yaran.
Babanki, Mai Igiya

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ƙaraminku ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Shugabanku ya zo, da shi da jakarsa. Ban tuna masa cewa ni na koya masa riƙe kwalbar gwaji lokacin yana ɗalibi ba, shi ya tuna da kansa, yana ta Baba kaza Baba kaza. Na sa shi a motata muka je kwalejin. Na durƙusa na nuna masa tabon siminti inda bulon ya zauna, na miƙa masa tef ya auna da hannunsa. Santimita arba'in da shida. Na buɗe littafina na asali, wanda na karɓo daga kwalejin tun bara, ya ga jan biro ya ce arba'in da shida. Sai ya cire tabarau yana ta gogewa kamar laifinsu ne.

Ya ce a takarda ta gaba za su gode mini a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe. Na ce a tsakiyar shafi aka ƙaryata ni, a can za a wanke ni. Nan ya fito da abin da ya kawo shi: wai da wannan takarda za a auna ƙarin girmanki a bana, in aka nemi mujallar da ta wallafa ta ta buga gyara, kwamiti zai ajiye fayil ɗinki sai wata shekara.

Ban ɓoye miki ba, maganar ta dame ni. Innarki ta ce girman kai zai sa in taka 'yata. Ta yiwu. Amma na tura ki makarantar da ni ban samu ba don ki fi ni sani, kuma ban ga yadda za ki hau kujera a kan cewa ubanki ya yi shekara bakwai yana ƙirƙirar lamba ba. Ba zan rubuta wa kowa ƙara ba, ba kuma zan sake ba kwalejin ko shafi ɗaya ba. Sauran yana hannunki.

Babanki

*

Uwata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da ya tsaya miki.

Kwafin wasiƙar neman gyara da kika aika wa mujallar ya iso. Na ga ke kaɗai kika sa hannu, shugabanku ya ce sai ya yi shawara. Ya yi ta yi. Na kuma ji kwamiti ya ajiye fayil ɗinki. Innarki kwana biyu ba ta yi mini magana ba, abinci ma sai ta dangwarar ta wuce. Ba zan ce ban ji zafi ba, na ji, har na kasa zuwa wurin aiki ranar. Amma ba zan ce ki yi haƙuri da abin da na yi ba, don ko yau aka sake, haka zan yi.

Kin rubuta cewa da aka mayar da shekarun bakwai, aka cire arba'in da shidan, ruwan ya fi saurin ja da baya a kan yadda kuka faɗa da farko. Wannan na daɗe da sani, kowace shekara sai na ƙara wa injina bututu. Yanzu ga shi za a faɗa da Turancin da ake saurara.

Taron tsofaffin ɗalibai kuwa har yanzu ba ni zuwa. Waɗanda ke tuna Mai Igiya sun san ƙofar gidana.

Ki zo ranar Asabar ki ɗauki littattafan, goma sha tara ne, ke na ba, ban ba kwaleji ba. Ki zo da biro da lokaci, ki zauna a gabana mu bi su shafi-shafi. Akwai wuraren da rubutuna ya cuɗe, ba mai iya karanta su sai ni, kuma idona ya fara gajiya.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Mai Igiya