La'adata a Wuyan Bijimi

Gure, Lahadi da dare.

Har yanzu raina tafasa yake. Wata biyu ina yawon rugagen Alakos ina tallar maganin dabbobi na shagon Alhaji Bukar. Mun shirya cewa duk wanda na turo in ba shi 'yar takarda da sa hannuna, ya miƙa a shago, ni kuma a ba ni la'ada. Albashina na koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, shiru tun damina, da wannan na dogara.

Makiyaya sun zo sun kwashe maganin kaf, amma takarda ko ɗaya ba ta iso ba. Alhaji ko kallona bai yi ba, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal a nan, ya ce, "Mushe, ba takarda, ba la'ada."

Na iske tsoho Jauro, ɗaya daga cikin makiyayan, a kasuwar dabbobi, na tambaye shi ina tasa takardar. Ya ce, "Malam, ai rubutun hannunka ba na ɗan kasuwa ba ne." Ya nuna mini wuyan bijiminsa. Da ajami na rubuta don su iya karantawa, ashe layu suka ɗauka, suka kai wa baduku ya ɗinke.

Alhaji ya san wanda ya cika masa shago. Gobe da bijimin zan je masa.