Lambar da Na Hana Takwaranka

Malam,

Assalamu alaikum. Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana raye ma cewa kake rubutuna kamar kaza ta taka tawada, to yau babu bakin yi mini dariya.

Mutanen gida lafiya. Zawaciki ta cika, gonar rogonka duk ta zama shaguna. Masaƙarku ta Bompai kuwa har yau a rufe. Amma ba wannan ya hana ni zama wuri ɗaya ba. Takwaranka ne, ɗan Hadizarmu, wanda nake kira Maigida tunda bakina bai iya faɗin sunanka ba. Yana aiki a kamfanin roba a Sharada, kuma ya faɗa cacar ƙwallo ta waya. Turawa na can ƙasarsu suna guje-guje, shi yana nan gumi na karyo masa.

Na yi faɗa, na yi nasiha. Ya san haramun ce. Ya bari, ya koma, ya sake bari. Ga yarinya a Kumbotso tana jiran lefe, akwati ɗaya bai cika ba.

Rannan ya zo ya durƙusa, ya ce a cikin abin akwai wurin da mutum ke yanka wa kansa iyaka. Ya yanka: a mako ba zai wuce kuɗin man babur ɗinsa ba, daga nan wayar ta ƙi karɓa. Sai dai ya ce bai yarda da kansa ba. Ya miƙo mini wayar, ya juya fuskarsa bango, wai ni in danna lambar sirrin da sai da ita ake ɗaga iyakar. Ka san me na danna? Lambarka ta ma'aikaci da ke ɗinke a aljihun rigarka ta aiki. Wadda ta sha wanki a hannuna, ta ina zan manta ta?

Tun daga nan na koma amarya. Yau tsire, gobe fura mai sanyi, ana kirana hasken gida. In cinye, in suɗe hannu, in ce masa tsufa ya tafi da lambar.

To wancan makon wasa ya ƙare. Ƙungiyar da ya so ya zuba wa albashinsa gaba ɗaya ita ta ci. Ya shigo ko zolaya babu, ya ce na tare masa arziki, da yanzu lefe ya haɗu har da canji. Tun ranar tuwonsa ke hucewa a kwano. In shiga ɗaki, in fito tsakar gida, in leƙa zaure. Ko tsintsiya na ɗauka sai in manta me zan share.

Malam, ina da kamasho a zunubin nan, tunda na yarda da kaɗan don in hana mai yawa? Na kasa tambayar malamar Islamiyya, tsoron amsar nake. In kuma na saki, wa zai tare shi? Yau ya ga an ci, gobe fa?

Bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa ba. Na san kartar da kuke bugawa a bayan masaƙa. Ranar albashi kakan soke 'yan kwabbai a naɗin hularka, sauran ka zube mini kafin ka fita. Kuɗin hula su ƙare, ka dawo gida kana ta salati kamar daga wa'azi kake. Ka zaci ban gane ba? Ban tona ba ne don na ga mutumin da ya san rauninsa ya nemi mai riƙe shi. Jikanka ma abin da ya yi ke nan, yanzu kuma yana fushi don na riƙe.

Ya aiko cewa yana tafe in an tashi daga aiki. Ban sani ba ko da tsire zai zo ko da faɗa. Na ɗora masa miyar kuka, na sa man shanu. Zai ci ko ba zai ci ba, lambar dai ba zai samu ba.

Likita ya ce jinina ya hau. A da nakan ce na ƙosa in biyo ka. Na janye wannan maganar. Lambar nan ni da kai kaɗai muka san ta, kai kuwa ka kwanta ka bar ni da aiki. In Allah ya ara mini kwana, sai na ga akwatunan nan sun fita daga gidan nan. Ka ƙara haƙuri da jira.

Sai mun sadu, amma ba yanzu ba.

Tsohuwarka mai tsiwa,
Abu