Ƙanwata Ta Rataye Ciwona a Bango

Anti mai wannan fili, don Allah ki agaza min da shawara kafin in yanke hukuncin da zan zo ina cizon yatsa. Abin ya tsaya min a rai, kuma wadda na saba kai wa kukana ita ce ta ja min shi.

Ni tela ce. Ina da ɗan shago a bakin titi, keke biyu da teburin yanka, da kanta inda nake jera yadukan mutane. Bara likita ya ce ina da ciwon daji a mama. Daga maigidana sai ƙanwata da muke kira Auta, su kaɗai suka sani, kuma na roƙe su kada maganar ta fita. Ba kunyar ciwon nake ji ba, ai ba ni na ɗora wa kaina ba. Sana'ata nake ji wa tsoro. Na san mutanena sarai: babu macen da za ta bar leshinta mai tsada a hannun telar da ake raɗe-raɗin ta kusa tafiya. Duk wadda ta tambayi ramar da na yi sai in ce gyambon ciki ne, in gyara ɗaurin ɗankwalina in ci gaba da awo.

Duk lokacin da aka ɗaura min ruwan maganin nan a asibiti, sai in yi kwanaki ban iya taka keke ba. Ƙafa ba ƙarfi, ƙarar keken ma tayar min da zuciya take yi. To amma hannun tela ba ya zama haka nan. Sai na jawo buhun ƙyallayen da ke ƙarƙashin tebur, na fara ɗinka wasu 'yan hotuna da allura da zare, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ba wanda ya koya min. Yanayin da ake ciki a waje nake dubawa, in tuno wani abu na ƙuruciya, in haɗa shi da abin da ciwon ya bar min a hannu.

Da damina gashina ya fara zuba. Na riƙa tsince shi daga matashi da mataji, na ɗinke shi sili-sili ya zama ruwan sama a kan rufin gidan da muka tashi, har da robar da mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, take tarawa inda ɗaki ke yoyo. Da sanyi aka yi min tiyata, ragowar bandejin ya zama bargon da take lulluɓa mana. Da zafi ya shigo na yanka takardar ƙwayoyin magani, mai ƙyallin nan, na yi rana da ita a saman igiyar shanya. Wasu sun yi kyau, wasu kuwa ko ni da na yi su sai na karkata kai nake gane mene ne. A gwangwanin biskit nake tara su, kuma ban da Auta ba mai buɗe shi.

Da na samu sauƙi, gashi ya fara tsirowa, sai Auta ta ce danshi zai lalata su, in ba ta ta kai a sa musu gilashi. Na ɗauka na miƙa mata da hannuna. Aka yi makonni, yau mai gilashin ya yi tafiya, gobe katakonsa ya ƙare. Ni kuwa ko a jikina.

Ranar nan ina yanka wata riga, sai ga wata tsohuwar mai kawo min ɗinki ta faɗo shago ta rungume ni tana kuka, tana cewa, "Ashe haka kika sha fama kika yi shiru?" Ta miƙo min wayarta. Anti, ni ce a ciki. Ina barci a kujerar asibiti, baki buɗe, ɗankwali ya zame, kai tal, ga robar ƙarin ruwa a hannuna. Ban ma san an ɗauki hoton ba. A ƙasansa ga 'yan ɗinkunana a jere a bangon wani zaure, inda wata ƙungiyar tallafa wa marasa lafiya ta yi baje koli. Kowanne da ɗan bayani a gefe: wannan gashinta ne, wannan bandejin tiyatarta ne. Da matar ta gama share hawaye, sai ta ce in ba ta yadinta, wai ba ta son ta wahalar da ni. Kafin mako ya zagayo kantata ta yi rabi. Masu shigowa kuma sai su riƙa rage murya kamar sun zo gaisuwar mutuwa, alhali ga ni tsaye da almakashi a hannu.

Na kira Auta ta zo. Ban daka mata tsawa ba, tambaya kawai na yi mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, na san in na tambaye ki ba za ki yarda ba." Wannan maganar ce ta fi komai ƙona min rai. Da mantuwa ta yi, ko rashin sani, da sauƙi. Ta san amsata, shi ya sa ta zagaye ni. Ta ci gaba da cewa wai mutane sun yi ta kuka a wurin, wai mata da yawa sun tafi gwaji saboda ni, wai tana so duniya ta san wace ce yayarta. Sannan ta faɗa min ɗinkin nan na daminar ma ba ya nan. Wata mata da ta fara karɓar magani ta tsaya a gabansa ta kasa tafiya, ita kuma Auta ta cire ta ba ta. Gashin kaina yana gidan wadda ko fuskarta ban sani ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, yarinyar nan ita ta yi jinyata. Ita ke riƙe min roba in ina amai, ita ke min wanka, ita ta aske min ragowar gashin tana min tsiya wai ashe ƙeyata ta fi fuskata kyau. Maigidana ba abin da yake cewa sai in yi haƙuri. Na daina ɗaga wayarta. Takan zo ta zauna a bencin ƙofar shago, in yi kamar ban gan ta ba, har ta gaji ta tafi. Buhun ƙyallayen kuwa ko kallonsa ba na son yi.

Anti, in rabu da ita, ko in haɗiye kamar ba a yi ba? Na daminar kuma, in bi sawunsa?

Taki,
Tela mai ɓacin rai

Amsa

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta wasiƙarki, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba: Auta ta ci amanarki. Kin ce kada a faɗa, ta faɗa, ta yi miki ƙarya don ta karɓi kayan, ta haɗa da hoton da aka ɗauka kina barci. Ko mata dubu ne suka tafi gwaji, alherin da ya same su bai wanke abin da aka yi miki ba. Kada kowa ya sa ki ji kamar ke ce mai ƙaramar zuciya.

Amma ki dubi ɗaya gefen, ba don ki wanke ta ba, don ki fahimce ta. Shekara guda yarinyar nan tana ɗauke da tsoron rasa ki, an kuma hana ta faɗa wa kowa. Ke kin samu allura da zare kin zuba naki a ciki, ita fa? Mai jinya yakan wayi gari yana jin ciwon nan nasa ne shi ma, har ya manta jikin wani ne. Ina zaton nan Auta ta zame.

Ga abin da nake gani. Ki kira ta ku zauna ku biyu, ba taron dangi ba. Ki faɗa mata ɓacin ranki ba ragi, sannan ki ba ta aiki: da ƙafarta za ta koma wurin ƙungiyar, a sauke hotonki, a dawo miki da kayanki. Su ma suna da laifi, don ya kamata su ji daga bakinki kafin su rataye komai. Abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba zai dawo duka ba, gara ki san wannan tun yanzu.

Na daminar naki ne, kina da ikon karɓa, ba kuma wanda zai ga laifinki. In kin ga za ki iya, ki sa Auta ta haɗa ki da matar. Ko ki ɗinka mata wani ki karɓi naki, ko ki bar mata shi. In kin bar mata, to ya zama ke kika ba ta.

Batun shago kuma, tunda magana ta fita, ki karɓe ta daga bakin mutane. Ki kira waɗanda suka kwashe yadinsu, ki ce musu an yi ciwo, an yi magani, kin dawo bakin aiki. Wasu ba za su dawo ba. Sauran kuwa riga ɗaya da ta zauna a jiki, aka kuma gama ta a kan lokaci, ta ishe su shaida.

Ban ce ki mayar mata da sirrinki gobe ba. Yafiya daban, yarda daban, kuma ita yardar sai ta sake nemanta a hankali. Amma kada ki yanke ta. Kin yi faɗa da ciwon da ya so raba ki da 'yan'uwanki kin ci nasara, bai kamata ki ƙarasa masa aikin da hannunki ba. Allah ya tabbatar da lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku.