Sufa Kaɗai Take Sha

Zuwa ga maigidana, Malam Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Ubangiji tana sauka a makwancinka, ina sanar da kai yara da jikoki duk suna lafiya. Jikarka ce ke rubuta abin da nake faɗa, ta ce za ta sa a waya mutane su gani. Su gani mana. Na daɗe da maganar nan a ciki.

Maganar jar motarka ce.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita garinmu Kaya? Ana tsakiyar ginin dam ɗin Bakolori, kana jan tifa a kamfani. Wani Bature injiniya zai koma ƙasarsu, ya sayar maka da ita: 'yar Amurka, ƙofa biyu, hanci dogo, in ta yi gurnani kajin unguwa sai sun watse. Mata suka cika gida suna yi mini barka. Ni kuma, wawiya, har da dariya nake amsawa.

A zamanin nan fetur iri biyu ne a gidan mai, sufa da regula. Tasi da a-kori-kura duk regula suke sha, ba su mutu ba. Amma kai kullum maganarka ɗaya: "Wagga mota ba ta shan kowane mai. Injin nata hulogi takwas na, matsi garai. In ka ba ta regula, man shi kama wuta tun lokaci bai yi ba, ka ji ta tana ƙwanƙwasa awa maƙeri." Ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba, na haddace karatun nan tsaf.

Sufa ba kullum ake samu a Mafara ba, sai ka ɗauki duro ka nufi Gusau. In ka dawo, farar tasata ta jeren aure kake ɗauka, ka zuba man, ka ɗaga shi a rana kana neman ruwa ko datti. Mayafina mai santsi ka yage ka yi mata matata. Sau ɗaya na ce ka taho mini da turare, ka dawo da duro cike, ni kuwa sai ban haƙuri. Kai da kake jin warin kananzir a cikin fetur tun daga zaure, na sauya humra ba ka taɓa lura ba.

Kishi nake, Malam. Da ƙarfe nake kishi, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara ba a yi mini dariya ba.

Sai ranar da zan haifi Hajara. Naƙuda ta yi tsawo, da azahar ungozoma ta ce sai asibitin Mafara. Duro ya ƙare, tankin ma saura ɗigo. Ka kwantar da kujerar gaba, aka cusa ni baya tare da Innata. A bakin titi muka sami mai sayar da fetur a galan, regula ce, Allah kaɗai ya san da me ya gauraya ta.

Ta taga ina kallonka. Ka buɗe galan, ka shinshina, fuskarka ta sauya. Ka tsaya. Ba ka daɗe ba, amma na ga tsayuwar, kuma a cikinta na manta da ciwon da nake ji. Sannan ka juye shi duka.

Ka taka ta kamar ba taka ba. Tun kafin mu yi nisa ta fara ƙwanƙwasar da ka sha ba mu labari, ni ina nishi, ita tana nishi. Sai na ga ka miƙa hannu kana shafa gabanta, inda agogunan suke, kana cewa a hankali, "Sannu. Yi hanƙuri. Saura kaɗan mu kai." Ko waiwayowa ba ka yi ba.

A ƙofar asibiti ta mutu, injin ya yi nokin. Bakaniken Gusau ya ce kayanta sai Amurka. Ka koma hawa keke, kuma har ka bar duniya ba ka taɓa yi mini gori ba. Wannan na shaida, zan kuma shaida gaban Allah.

Bayan suna na kai wa Inna kukana. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Surukatai na zaune, ƙaƙa za shi ce maki sannu? Da ke shika yi, kunyata ta sa ya hwaɗa ma mota."

Wataƙila gaskiyar Inna. Shekaru ina so in tambaye ka, kunyar da ta hana ka ita ta hana ni. Na san ranar nan ni ka zaɓa, Hajara ga ta nan da jikokinta. Amma maganar ko tawa ce, hannun a kan mota ya sauka. Ni a baya nake, ina riƙe da gefen kujerarka, tafin hannu ɗaya tsakanina da kafaɗarka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka tasata da mayafina, ni na yafe. Allah ya sada mu a Aljanna, inda babu mota, babu mai kallo. Ranar nan ka waiwayo.

Taka har kullum,
Uwar yaranka, daga Kaya.