Ɗamarar da ka ɗaura mini a ƙirji

Zuwa ga ɗana na fari,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka a can Legas. Tawa lafiyar ba sai na faɗa maka ba, tunda ka ce wayarka ta fi ni saninta.

Wata goma ke nan rabonka da garinmu Balan. Bayan arba'in ɗin mahaifiyarka ka tsuguna a gabana, ka ɗaura mini wata baƙar ɗamara a ƙirji, ka ce tana ƙirga numfashina da motsina tana aika maka. Ka ce, "Baba, yanzu kamar ina kusa da kai ne." Ko la'asar ba ka tsaya an yi da kai ba.

Na bi maganarka. Da ita nake sujada, da ita nake kwanciya, har ta ci mini fata a ƙarƙashin hammata.

Ana saura mako uku Babbar Sallah na kwance ta, na ɗaura wa ragon layyata. Da ƙyar ta zagaye ƙirjinsa. Bayan kwana biyar saƙonka ya shigo, wai ka ji daɗi motsina ya ƙaru, amma in rage yawo cikin rana saboda numfashina ya yi sauri. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare a Gaya, ban taɓa samun ɗalibin da ya kasa bambance ubansa da rago ba.

Ranar Sallah liman ya zo ya yanka mini. Ya kai hannu zai kwance ɗamarar, na hana shi. Na tsaya ina kallo har shure-shuren suka ƙare, har ƙirjin ya tsaya cik. Sannan na ja tabarma zuwa zaure, na ɗora waya a cinyata. A wayarka, na mutu da hantsi.

Sai a kwana na huɗu ka kira. Ka ce in duba, da alama caji ne ya ƙare.

Na san nawa laifin. Kai ɗan fari ne, kunya ba ta bar ni na kira sunanka ba, ban kuma taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba. Amma da ƙyanda ta kwantar da kai kana shekara uku, duk sanda mahaifiyarka ta fita daga ɗaki nakan ɗora tafina a ƙirjinka, in ji yana hawa yana sauka. Da na ji takunta sai in janye. Har ta rasu ba ta sani ba.

Na wanke ɗamarar, tana rataye kusa da fatar ragon. Kasonka na nama an soya, yana cikin tukunya, ban ba kowa ba.

Allah ya yi maka albarka, ya ja kwananka har ka kai shekaruna, ya ba ka 'ya'yan da za su saya maka wadda ta fi wannan kyau.

Mahaifinka, da yake numfashi har yau.