Rigar da Bakanike Ya Saƙa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da babansu. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na sake ɗauko kibiyoyin da kika koya mini saƙa da su. Rigar sanyi nake yi, irin mai sauƙin nan mai buɗaɗɗen gaba. Kin san babu jaririn da aka haifa a layinmu da bai sa saƙata ba. Shekara da shekaru ina kai wa mutane, in dawo ɗakina shiru. Jiya matar mai shago ta gan ni da zare ruwan ƙwai, ta tambaye ni ta ɗan wa ce. Na ce mata wannan ba za ta fita daga gidan nan ba.

Yaya, kin gane? Likita ya tabbatar. Kada ki gaya wa kowa tukuna, har yanzu tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ku duka. Wasiƙarki ta iso, na ga inda hawaye ya ɓata tawada. To, gyara zama. An yi mini hoto, ashe su biyu ne.

Ƙafafuna sun kumbura, hannuna ma haka, likita ya ce in huta. Ga riga guda, ga mutum biyu. Sai maigidana, ƙanin naki, ya ce shi zai saƙa ta biyun, wai wanda ke kwance injin mota ya mayar, zare ba zai gagare shi ba. Da ya dawo daga gareji sai ya dirje hannu da sabulu, ya zauna bakin gado ya riƙe kibiya kamar sifana. Kowane ɗauri sai ya ja shi tamau, sai ka ce noti yake ɗaurewa. Na sa ya warware ya sake, duk da haka rigar ta fito 'yar mitsitsiya, ko 'yar tsana sai ta yi dabara za ta shiga. Na yi ta dariya har na cikin suka harbe ni. Ya rantse shi dai ba zai ƙara warwarewa ba.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Ki gafarce ni da shirun da kika ji.

Sun iso kafin lokacinsu, mace da namiji. Namijin ya zo da ƙarfinsa da kukansa. Macen kuwa, tafin hannun babanta ya kusa ɗauke ta. Aka sa ta a kwalba, muna leƙenta ta gilashi. Abinci ma kasa wuce mini ya yi.

Ranar da za a fito da ita, ma'aikaciyar jinya ta ce a kawo abu mai ɗumi. Duk kayan da muka tanada sun yi mata yawa, tawa saƙar ma nutsewa ta yi a ciki. Sai babanta ya zaro tasa daga aljihu. Ashe tun ranar haihuwa yake yawo da ita. Ta zauna mata cif. Sai ya fita baranda ya daɗe, ya dawo ido jawur yana cewa wai hayaƙin mota ne.

Yanzu muna gida. Tana tsotso har tana ture ɗan'uwanta. Da safen nan na zo ɓalla mata maɓalli, ya ƙi haɗuwa a kan cikinta. Ban taɓa murnar riga ta yi wa yaro kaɗan ba sai yau.

Ki zo, Yaya. Hannu huɗu ba ya isar mu.

Ƙanwarki mai begenki,
Maman 'yan biyu