Gwiwar Zalɓe

Tawa, daren Talata, ƙarshen damina

Yau Hajiya mai suyar kifi ta sa ni zana zalɓe a bangon shagonta, irin masu tsayuwa bakin tabkin Tabalak. Na ce ƙaramin aiki ne. Ban gaya mata ba cewa ɗana Sani ne ke zana tsuntsayen, ni in cika fenti in karɓi yabo. Tun da ya tafi Abijan rubutun shaguna kawai nake yi, shi ma da kuskure, don a aji huɗu lakwal ta gaji da ni.

Da na gama, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam Idi, wannan zalɓe ne ko dattijo zai tsuguna alwala?" Ashe gwiwar mutum na yi mishi, ta lanƙwaso gaba. Na ce baƙo ne daga Turai. Ba ta yi dariya ba.

Na aika wa Sani hoton, shi da wata biyu ina gaishe shi yana maido mini da hoton babban yatsa. Kafin magariba sai ga saƙon murya, yana dariya har da tari: "Baba, baya take lanƙwasawa. Kada ka ƙara taɓa tsuntsu sai na zo." Na yi ta saurare har tuwona ya huce. Gidan nan ya daɗe bai ji dariya ba.

Gobe zan gyara wa Hajiya ƙafar. Amma mai shayi yana son in zana mishi dinya, kuma ina ganin ƙafa uku zan yi mata, in aika wa Sani hoton.